Malam Ya Kafa Doka a Aji, Saura Gida: Shawarwari ga iyayen 'yan ƙaramar sakandare a Titin Bauchi

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare da ba ta da nisa da tashar motar Titin Bauchi a Jos, sau biyu iyaye kan zo wurina: ranar da suka kawo yaro aji ɗaya, da ranar da katin sakamako ya fito da jan biro. Tsakanin ranakun nan biyu akwai wata uku cur, kuma a cikinsu ake cin Turanci ko a faɗi. A makon farko na kowane zango nakan rubuta dokokin ajina a allo, yara su kwafa a shafin farko na littafinsu. Da wuya a sami gidan da aka taɓa buɗe wannan shafi.

Ban ga laifin kowa ba. Mai tumatir a Farin Gada tun asuba ya fita, direban Bauchi ko Gombe sai dare, uwa kuma tana ganin tunda bokonta bai yi nisa ba, ba ta da ta cewa. Domin irin waɗannan gidaje na rubuta abin da ke tafe, kuma yawancinsa ba ya bukatar ku iya Turanci ko kalma ɗaya.

1. Ku nemi dokokin aji tun makon farko

Ku sa yaro ya buɗe shafin, ya karanta muku, ya fassara. Idan malaminsa bai ba da komai a rubuce ba, ku tambaya. Abu huɗu ya kamata kowane gida ya sani: littattafan rubutu nawa ake so, wace rana ake ba da jinga kuma wace rana ake karɓa, me ke biyo baya idan ba a kawo ba, sannan maki nawa aka ware wa gwaje-gwajen cikin zango. Wannan na ƙarshe iyaye da yawa ba su san da shi ba. A wasu makarantu maki 30 ne cikin 100, a wasu 40, kuma daga jinga da ƙananan gwaje-gwaje ake tara su. Yaron da ya yi wasa da su ya shiga jarrabawa da rami a gabansa, ko da kuwa ya fi kowa ƙwaƙwalwa.

Dokokina biyar ne: a riga ni shiga aji, littafi da biro su kasance a kan tebur, mai magana ya ɗaga hannu, jinga ta zo ranar da aka ce, kuma ba a yi wa wanda ya yi kuskure dariya. Huɗun farko kowane malami yana da irinsu. Ta biyar ce nake roƙon ku ɗauka ku kai gida. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi tsoron dariya a kan bulala. Idan ya gwada jimla ɗaya a tsakar gida, yayarsa da ke babbar sakandare ta tuntsire, matan gida suka taya ta, to an rufe bakinsa na mako guda. Ku gaya wa manyan tun da wuri: wanda zai gyara ya gyara, wanda zai yi dariya ya shiga ɗaki.

2. Ku san cewa darasin kaya biyar ne a buhu ɗaya

Manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa ƙaramar sakandare ta haɗa sauraro da furuci, nahawu, karatu da auna fahimta, insha'i, da kuma adabi, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Shi ya sa za ku ga yarinya mai zuba Turanci kamar rediyo ta dawo da maki 38, uba ya ce an zalunce ta. Bakinta ya iya, hannunta ne bai iya ba. Wani yaron kuma ba ya buɗe baki a aji, amma takardarsa tsaf. Idan kun je wurin malam, kada ku tsaya ga "yaya ƙoƙarinsa?" Ku ce, "Malam, a cikin biyar ɗin nan wanne ne ya fi ba shi wahala?" Amsar ita za ta nuna muku inda za ku sa ƙarfi.

Dalilin damuwa kuwa a fili yake. Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara na tilas, jarrabawar BECE ta ƙarshen aji uku ce mashigar babbar sakandare. Can gaba kuma babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi ba tare da kiredit a Turanci ba, JAMB ma a cikin darussa huɗun da ake rubutawa Turanci ne kaɗai ya hau kan kowa. Ƙofar Jami'ar Jos da yaranmu ke wucewa ta gabanta kullum a kan wannan titi namu, da wannan mabuɗin ake buɗe ta. Lissafi da kimiyya su ma da Turanci ake tambayarsu, yaro kan san amsa ya faɗi don bai gane tambayar ba.

3. Kada ku kori Hausa daga gida

A nan zan daɗe, domin ni kaina na yi wannan kuskure. Shekarata ta farko a aji na bi abin da na tarar: duk wanda ya yi banakula, monita ya rubuta sunansa, ya biya tara. Cikin mako biyu aji ya yi tsit, har na fara yabon kaina. Sai da na karɓi insha'insu na gane cewa ba Turanci suka koma ba, magana suka daina gaba ɗaya. Yaron da ke da tambaya ya haɗiye ta, don ba shi da kalmomin yin ta kuma ba shi da kuɗin tara. Na soke dokar, na maye ta da wata: ka fara da Turanci, inda ka maƙale ka cike da Hausa, mu taru mu nemo kalmar.

Wasu gidaje sun ɗauko waccan tsohuwar doka sun kafa a falo. Sakamakon shi ne yaro ya tashi da guntun Turancin da iyayen ke iyawa, umarni ne kawai na zo, tafi, zauna, kawo, ba hira ba labari, ga Hausar kuma ta yi rauni. Ai ko manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa kafin Turanci ya karɓa. Wanda ya iya karanta Magana Jari Ce ya riga ya san yadda ake bin layi, yadda ake tsayawa a aya, yadda ake riƙe zaren labari daga shafi zuwa shafi. Baƙaƙen kusan ɗaya ne. Wannan gwaninta ba ta ɓacewa idan aka sauya harshe.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani a wurina, kuma uwa ce ta fi dacewa da ita. Yaro ya karanta shafi biyu da Turanci, ya rufe littafi, ya ba ki labarin da Hausa kina tankaɗe ko kina tsince shinkafa. Ki yi masa tambayar da za ki yi wa duk mai ba ki labari: to shi wannan me ya kai shi can? Ita matar me ta ce? Kai da kai ne, me za ka yi? Idan ya fara kame-kame, bai gane ba, ya koma ya sake. Abin da muke kira auna fahimta a makaranta ke nan, babu ragi. Mai haddace jimloli yana iya ruɗin malami, amma ba ya iya ruɗin uwar da ta ce a faɗa mata da Hausa.

4. Minti ashirin, amma a tsayayyen lokaci

Ranar yaron Unguwar Rogo ko Unguwar Rimi a cike take: boko har wajen ƙarfe biyu, Islamiyya da la'asar, aike, shago, wani ma makarantar dare. Kada ku ɗora masa awa biyu da ba za ta yiwu ba. Minti ashirin sun isa, in dai kullum ne kuma kowa a gidan ya san lokacin. Bayan isha'i ya fi sauƙi ga yawancin gidaje. Masu son bayan asuba su tuna da Disamba da Janairu na Jos, lokacin da ko babba sai ya yi shawara da bargo kafin ya fito. A tanadi fitila mai caji don kada a jingina karatu da wutar Nepa.

A cikin mintin nan talabijin a kashe, waya a ajiye, har da ta Baba. Kuma lokacin ya shafi 'ya mace daidai da ɗa namiji. Sau da yawa yarinyar da na tuhuma da lalaci, da na bincika sai in tarar ita ce mai wanke-wanke da goyon ƙane, yayanta yana gidan kallon ƙwallo.

5. Ku sayi littafin labari, ba na makaranta kaɗai ba

Littafin aji, ko New Oxford ne ko New Concept ko wanda makaranta ta zaɓa, dole ne, kuma a saye shi a makon farko, kada a bari sai tsakiyar zango. Amma shi kamar magani yake, ba mai shan sa don daɗi. Yawan kalmomi daga labari ake samun sa. Akwai ƙananan littattafai da 'yan Najeriya suka rubuta daidai wannan shekaru: The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960 kuma labarinsa na Arewa ne, da The Drummer Boy nasa, da Chike and the River na Chinua Achebe na 1966, da Eze Goes to School, da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi wajen Taminus sukan samu, a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma reshen Ɗakin Karatu na Ƙasa a cikin gari.

Wajen zaɓe, yaro ya buɗe shafi ɗaya a tsakiya ya karanta, yana lanƙwasa yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Idan yatsun hannu ɗaya suka ƙare kafin shafi ya ƙare, littafin ya yi masa nauyi, a ajiye sai baɗi. Gida huɗu ko biyar a layi ɗaya suna iya yin adashin littattafai: kowa ya sayi biyu, a riƙa zagayawa duk mako biyu.

Ku kuma gaya wa yaran cewa marubuta ba daga sama suke faɗowa ba. Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016, haifaffen Jos ne kuma a Jami'ar Jos ya yi karatu. Helon Habila, wanda ya ci kyautar Caine a 2001, shi ma a nan ya karanci Turanci. Littattafansu dai na manya ne, a bar su sai gaba.

6. Ku gane kurakuran da Hausa ke haifarwa, don kada ku zaci daƙiƙanci ne

Kusan duk ɗan Bahaushe wuri ɗaya yake tuntuɓe. Na farko, p da f, domin a Hausa sautin ɗaya ne ke yin aikin biyun. Sai pan ta zama fan, pull ta zama full. Maganinsa wasa ne: a riƙe 'yar takarda a gaban baki, a haɗe leɓɓa a sake su da ƙarfi, takardar ta motsa, wannan p ce. A ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa a hura, wannan f ce. Haka v, wadda kan koma b.

Na biyu ya fi cin maki. A Hausa muna cewa na tafi, zan tafi, mun tafi, kalmar aikin tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne ke nuna lokaci. Turanci kuwa kalmar kanta yake juyawa, go ta koma went, buy ta koma bought, kuma da yawansu ba su bin wata ƙa'ida, sai hadda. Yaranmu kuwa gwanayen hadda ne. A rubuta biyar a kwali kowane mako, a manna a ƙofar ɗaki.

Na uku, fassara kai tsaye. Mu da "ji" muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji Turanci. Da "sha" muke shan ruwa da magani da mangwaro da wahala. Turanci kowanne da kalmarsa. Idan malam ya ja layi a ƙarƙashin irin wannan, yaron yana tunani ne daidai, kaya ne ya sa a motar da ba tasu ba.

Sai buroka. A Jos, inda Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawa da Hausawa ke cin kasuwa ɗaya, yaro zai tsince ta ko kun so ko kun ƙi, kuma tana da ranarta. Abin da za a nuna masa shi ne ita da Turancin takarda harsuna biyu ne, kamar yadda rigar ƙwallo da kayan makaranta duk sutura ne amma ba a musanya su.

7. Duk Asabar a buɗe littafin rubutu

Wannan ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya. A duba kwanan wata: akwai aikin wannan mako? A duba jan biro. A duba ko a ƙarƙashin aikin da aka maka yaro ya sake rubuta wuraren da ya kuskure, domin gyaran nan shi ne karatun, makin lamba ce kawai. A duba ko an yage shafuka, ko an cakuɗa Turanci da wani darasi a littafi ɗaya.

Idan mako uku suka wuce babu jan biro, ku je ku tambaya, amma da sanyin murya. Na taɓa riƙe aji huɗu, kowanne da yara sittin. Insha'i 240 ke nan, in na ba kowanne minti uku, awa goma sha biyu. Wannan ba uzuri ba ne ga malamin da ba ya duba aiki sam, sai dai ya kamata ku san nauyin kafin ku ɗaga murya.

8. Kada kowa ya yi masa jinga

Ko yaya, ko ɗan jami'ar da ke haya a gidanku, ko manhajar waya mai rubuta insha'i cikin ƙiftawar ido. Malam yana ganewa tun daga layin farko, kuma ranar jarrabawa babu ɗayansu a ɗakin. A maimakon haka ku ba shi rubutun da gida ke bukata da gaske: jerin cefane, lissafin bashin shago, wasiƙa zuwa ga kawunsa da ke Bukuru ko Kano, tunda rubutun wasiƙa yana cikin abin da ake tambaya. Idan kuna cikin Keke daga Farin Gada zuwa cikin gari, ya karanta muku allunan shaguna, wanda ya gano kuskuren rubutu yana da tukuici. Ba zai dawo hannu rabbana ba, masu fentin allunanmu sun tanadar masa aiki.

9. Doka kaɗan, hukunci sananne, baki ɗaya

Abin da aji ya koya mini shi ne yaro yana jure doka mai tsauri, abin da ba ya jurewa ita ce dokar da ke canzawa da yanayin fuskar babba. Uku sun isa a gida: karatu a lokacinsa, jinga kafin wasa, littafi a nuna ranar Asabar. A faɗi abin da zai biyo bayan saɓawa tun kafin a saɓa, kuma ya zama abin da za ku iya cikawa, kamar hana kallo na kwana ɗaya. Idan Baba ya hana, kada Umma ta buɗe ta bayan gida, kada kuma kaka ta shigo da ceto. Bulala a kan kuskuren nahawu ban taɓa ganin ta gyara jimla ko ɗaya ba, tana dai koya wa yaro ya rubuta gajere don kuskurensa ya ragu.

Kuma kada a zagi malami a gaban ɗalibinsa, ko da shi ne da laifi. Ku same shi shi kaɗai. Wata uwa ta taɓa zuwa wurina da littafin ɗanta, bayan mun gaisa ta ce, "Malam, ku yi haƙuri, ni ban yi boko ba. Na ga kun ba shi huɗu cikin goma, na ga kuma maƙwabcinmu da suka yi tare kun ba shi bakwai. Ku nuna mini bambancin don in san abin da zan sa ido a kai." Na ce, "Hajiya, ku zauna." Da na sake dubawa, sai na tarar ni ne na tsallake shafi guda ban maka ba. Da faɗa ta zo, ina jin da na kare kaina.

10. Kafin ku biya kuɗin lesin

Ku tambayi mai lesin yara nawa ne a wurinsa, kuma sau nawa a mako yaro zai yi rubutu a duba masa. Idan amsar ita ce yara arba'in da kwafar allo, kuɗin ya fi amfani a littattafan labari uku da ƙaramin ƙamus.

11. Ku yi tanadin ranar da babu makaranta

Mu mutanen Jos ta Arewa mun san dokar hana fita, mun san yajin aikin malamai, mun kuma ga yadda korona ta rufe makarantu wata da watanni a 2020. Duk lokacin da aka dawo daga irin wannan zama, makon farko a aji kan tafi ne wajen tono abin da ya nutse. Harshe yana saurin yin tsatsa.

A ware 'yar jaka da ba a taɓawa sai irin wannan rana: littafin labari biyu da ba a karanta ba, sabon littafin rubutu, biro biyu, da tsofaffin tambayoyin BECE ga ɗan aji uku. Kowace rana yaro ya rubuta layi biyar a kan abin da ya gani ko ya ji, da kwanan wata a sama. Rediyo ma malami ne a ranar. Ya saurari labaran Turanci na gidan PRTV ko Highland FM, ya faɗa wa gida abin da aka ce, sannan a jira labaran Hausa a ji ko ya yi daidai. Inda ya kauce, ya nemi kalmar a ƙamus ya rubuta ta a bayan littafin, idan an koma makaranta ya kai wa malam jerin a duba masa.